Kafin Ka Miƙa Masa Wayar

Ɗana, an ba da dogon hutu, kuma daga ƙarshen Yuli har cikin Satumba kai da uwarsu ne malaman yaran nan. A da damina ce ke raba gardamar: da asuba allo, da hantsi gona, da dare tatsuniya. Yanzu a cikin Potiskum yara da yawa ba su da gonar zuwa, idonsu na kan wayarka. Ba zan ce kada ka ba su ba, don na san za ka bayar, ko don ka samu ka runtsa bayan azahar. Amma kai da ba ka sayen sa a kara sai an buɗe maka bakinsa ka ga haƙori, don me za ka miƙa wa ɗanka abin da ba ka leƙa cikinsa ba?

Fara da karatu. Akwai shafin African Storybook, wanda wata ƙungiyar ilimi ta Afirka ta Kudu mai suna Saide ta buɗe a 2014. Littattafan yara ne masu hotuna cikin harsunan Afirka, har da Hausa, kuma ko sisi ba a biya. Haka ma StoryWeaver na Pratham Books da ke Indiya, wanda ya jera littattafansa mataki-mataki, daga mai jimla ɗaya a shafi zuwa mai dogon labari. Ka zauna da dare kai kaɗai, ka karanta, ka zaɓi goma ka sauke, washegari ka kashe data kafin wayar ta shiga hannun yaro. In da hali, ka kai biyu ko uku shagon kwamfuta a buga maka a takarda, a ɗinke. Takarda ba ta jiran a kawo wuta.

Sannan ka sa shi ya karanta a bayyane, yatsansa ƙarƙashin layi. A nan za ka ga abin da katin sakamako bai faɗa maka ba. Yaro yana iya zuwa na biyar a aji, ka nuna masa "tunkiya" ya kalli hoton ya ce "rago". Kada ka ɗaga murya, wallahi in ka yi haka ya tsani littafin ke nan. Ka rufe hoton da tafin hannunka, ku bi kalmar gaɓa-gaɓa. Kuma ka bar shi ya ƙware da Hausa tukuna. Wanda ya iya haɗa baƙi da wasali a harshen da yake ji, Turanci ba zai wahalar da shi sosai ba.

Ga manyan yara akwai Nigeria Learning Passport, da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF a 2022, mai bin manhajar makarantunmu. Sai an yi rajista, kuma kai za ka yi masa, ba ɗan maƙwabta ba. Ga ƙanana masu son kallo, zane-zanen Ubongo na ƙasar Tanzaniya suna koyar da ƙirga da lissafi cikin waƙa, kuma an juya wasunsu zuwa Hausa.

Inda nake tsoro shi ne YouTube. Kana iya buɗe masa darasi mai kyau, ka juya baya, da ya ƙare wani bidiyon ya shigo da kansa, kafin la'asar yaron yana inda kai ma za ka ji kunyar kallo. Ka kashe maɓallin nan mai ci gaba da kansa. TikTok da Facebook kuwa, masu su da bakinsu sun ce sai ɗan shekara 13. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a rana gaban allon waya ko talabijin, jinjiri kuma sam. Islamiyya da harda ba sa hutu, a gama su kafin a taɓa waya.

Abu ɗaya da za ka sha wuyar samu a waɗannan shafuka shi ne harshen gidanku. Bolanci da Ngizimanci da Karekare, waɗanda marigayi Farfesa Russell Schuh da abokan aikinsa 'yan Yobe suka haɗa wa ƙamus aka buga a nan Potiskum a 2004, sun fara sulalewa daga bakin jikokinmu. In kakarsu tana raye, ka kai su wurinta bayan isha, ka danna wajen ɗaukar murya, ta yi musu tatsuniya da harshenta. Washegari babban cikinsu ya saurara ya rubuta ta a littafin makaranta, ƙannen su zana hotunan, a kai mata ta gyara inda aka yi kuskure.