Gonar Masoron Kyaftin Light

Ran 21 ga Oktoba 1794 zazzaɓin cizon sauro ya kashe Kyaftin Francis Light a tsibirin Penang, wanda yau yake cikin ƙasar Malesiya. Ya bar wasiyya a rubuce, irin wadda masu hali na zamaninsa suke bari: gidaje, filaye, kayan ɗaki, har da bayi. A cikin dukiyar akwai gonar masoro da ya raɗa wa suna Suffolk, sunan yankin da aka haife shi a Ingila. Wannan gona ya ce a ba Martina Rozells, ya kuma bayyana ta da cewa ita ce wadda ta zauna tare da shi tun 1772. Shekara 22 suna ƙarƙashin rufi ɗaya, ta haifa masa 'ya'ya biyar, amma babu rajistar da hukumar Ingilishi ta yarda da ita da ke cewa matarsa ce. Gonar ba ta tsaya a hannunta ba.

Mutumin ba ragon maza ba ne. An haife shi a ƙauyen Dallinghoo a 1740, wani mai filaye, William Negus, ya ɗauki nauyin karatunsa. Ya shiga sojan ruwan Ingila yana matashi, ya bar aikin a 1763, bayan shekara biyu ya nufi Indiya. A Madras wani kamfanin fatauci ya ba shi jirgi, ya shiga safara tsakanin gaɓar Indiya da Aceh da Kedah da tsibirin da yanzu ake kira Phuket a Tailan. A Phuket ɗin ya kafa gida, a can ya haɗu da Martina. Ya iya Malayanci da harshen Siyam, wato Tailan ta yau, ya san yadda ake shiga fada da yadda ake gaida sarki. Wannan sanin ne jarinsa na gaskiya, ya fi jirgin daraja.

Da shi ya samu Penang. Sarkin Kedah na lokacin, Sultan Abdullah Mukarram Shah, Musulmi ne da ƙaramar ƙasarsa ke matse tsakanin manyan maƙwabta biyu, Siyam da Bama, kowace tana neman ya yi mata mubaya'a ya aiko da dakaru. Abin da yake bukata shi ne mai kare shi. Sai ya yarda ya ba Kamfanin Gabashin Indiya na Ingila tsibirin Penang bisa sharuɗɗa. Daga ciki akwai dalar Sifen 30,000 kowace shekara saboda cinikin da zai rasa, sannan babban sharaɗin: maƙiyin Kedah maƙiyin Kamfani ne, in an kawo hari Kamfani ya kawo ɗauki. Light ya kai saƙon Kalkata. Mahukuntan Kamfani a can suka karɓi batun tsibirin hannu biyu, batun ɗaukin soja da adadin kuɗin kuwa suka ce sai an ji daga Landan.

A nan ne labarin ya karkace. Light ya san amsar ba ta zo ba. Ya kuma san dokar da majalisar Ingila ta yi a 1784 ta ɗaure wa Kamfani hannu game da ƙulla ƙawancen da zai ja shi yaƙi. Duk da haka ya sauka tsibirin a watan Yuli 1786, ran 11 ga Agusta ya ɗaga tutar Ingila, ya sa wa sabon garin suna George Town. Ya bar Sarki yana zaton kariyar na nan tafe. Za a iya cewa shi ma yana fatan haka, don ya yi ta rubuta wa shugabanninsa yana roƙon su cika alkawarin. Amma fatan alheri ba ya halatta wa mutum shiga gidan da ba a gama cinikinsa ba. Da Kamfani ya fito fili ya ce ba zai yi yaƙi don Kedah ba, Sarki ya tara jirage da mayaƙa a Prai, a gaɓar da ke fuskantar tsibirin, don ya karɓe abinsa. A watan Afrilu 1791 Light ya riga shi kai hari, ya tarwatsa rundunar. Yarjejeniyar da ta biyo baya ta yanka wa Sarki dala 6,000 a shekara, kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya nema, ba kuma maganar kariya. A 1821 Siyam ta mamaye Kedah, Ingilishi suna tsallaken ruwa suna kallo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Light ya san darajar rubutu fiye da yawancin mutanen zamaninsa. A jami'ar SOAS da ke Landan akwai tarin wasiƙunsa, wajen 1,200, yawancinsu da Malayanci a rubutun Jawi, wato haruffan Larabci da Malayawa suka daidaita wa harshensu kamar yadda kakanninmu suka yi da ajami. Sarakuna da fatake da matan fada suna rubuto masa kan shinkafa da kuza da bindigogi da bashi. Wanda ke ajiye takardar buhun shinkafa bai jahilci amfanin takarda ba. Inda ya bar magana a buɗe, ya bar ta ne don buɗewar ta fi yi masa amfani a ranar.

Haka ya yi da fili a Penang. Don ya jawo mazauna, ya mai da tashar ta zama ba haraji, ya kuma bar kowa ya mallaki iya dajin da ya sare. Dabarar ta ci: Malayawa da Sinawa da Indiyawa da Larabawa suka yi ta kwararowa. Sai dai babu tsayayyen tsarin rajistar filaye, kuma tsibirin bai samu cikakkiyar kotu ba sai da takardar izinin shari'a ta 1807 ta zo, shekara 13 bayan mutuwarsa. A wuri irin wannan, mai kuɗi da mai baki a wurin hukuma shi ke da fili. Abokin cinikin Light na shekara da shekaru, James Scott, shi ya zama mafi yawan filaye a tsibirin.

Haka kuma ya yi da gidansa. Martina 'yar Katolika ce, jininta gauraye ne na Turai da Asiya, kuma a wancan zamani jami'in Kamfani da ya bayyana irin wannan aure yana jefa muƙaminsa cikin haɗari. Uzuri ne, ban musa ba. Amma a duba wanda ya ci ribar shirun da wanda ya biya kuɗinsa. Shi ya riƙe kujerarsa ta shugaban tsibiri har ya mutu. Ita kuwa, ranar da aka binne shi, ta wayi gari ba ta da matsayin da doka za ta tsaya mata, a garin da ba kotun kirki, kuma waɗanda aka ɗora wa amanar zartar da wasiyyar abokan kasuwancin mamacin ne, cikinsu har da Scott da wani babban ɗan kasuwar Kalkata, William Fairlie. Lissafin dukiyar Light da na kamfaninsu a cakuɗe suke, littattafan kuma suna hannunsu. A 1805 gonar Suffolk ta koma hannun William Edward Phillips, jami'in Kamfani da daga baya ya zama gwamnan Penang. Katafaren gidan da ke wurin, Suffolk House, gwamnoni sun zauna a cikinsa, daga baya makarantar mishan ta yi amfani da shi, aka gyara shi a farkon wannan ƙarni, yau masu yawon buɗe ido ke shiga. Zuriyar Martina ba su gaje shi ba.

Babban ɗansu William, wanda aka tura Ingila karatu yana ɗan shekara shida, ya yi soja ya kai muƙamin kanar, shi ne kuma ya zaɓi wurin da aka gina birnin Adelaide a Ostireliya ya zana taswirarsa. Tarin fuka ya kashe shi a 1839 ba shi da wata dukiya. Da aka tashi yi wa uban mutum-mutumi a 1936, ba a samu hotonsa ba, sai aka yi amfani da fuskar ɗan.

Ba ina cewa abin da ya sami Martina sakayyar abin da aka yi wa Sarkin Kedah ba ne. Ita ba ta ci amanar kowa ba, kuma hukuncin wannan na Allah ne. Abin da nake gani shi ne hali ɗaya a wuri biyu. Mutum ne mai ƙwazo da ya saba karɓar abin da yake so yau, ya ɗage bayyana haƙƙin ɗaya ɓangaren zuwa gobe. Kullum kuma wanda aka ɗage wa shi ne mai rauni, sarkin ƙaramar ƙasa ko macen da ba ta da dangi a hukuma. Wasiyyar da ya bari ta nuna yana son ta, yana son ta samu. Amma takarda ɗaya a ƙarshen rai ba ta iya ɗaukar nauyin da ya ƙi ɗauka yana da lafiya da iko, lokacin da kalmarsa ita ce doka a tsibirin. Da ya mallaka mata gonar a gaban shaidu yana raye, ya raba dukiyarsa da ta abokan cinikinsa, da ba wanda ya isa ya taɓa ta.

Mu da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, ta umarce mu da rubuta bashi da kafa shaidu, ba mu da uzurin da Light ya fake da shi. Mai karatu, in akwai filin da ka ba matarka da baki, ko kuɗin wani da ke cikin jarinka ba wanda ya sani sai ku biyu, ko auren da danginka ba su da labarinsa, ka kira shaidu a rubuta, ka ba mai haƙƙin takardarsa a hannu tun kana iya tsayawa da ƙafarka.