Hanjin alade da hujjar da ba ta zauna ba

Akwai wata hujja da nake yawan ji a bakin matasan masu wa'azi, waɗanda ke son kimiyya ta zama shaidar kowace aya: wai an haramta alade ne saboda cikinsa matattarar ƙwayoyin cuta ce, har masana sun gano wasu halittu a hanjinsa masu fitar da mugunyar iska. Jama'a su yi kabbara. Ni dai hujjar ba ta kwanta mini ba, kuma ba haramcin nake shakka ba. Yana nan daram a Baƙara da Ma'ida da An'am da Nahli. Tsorona shi ne a ɗora masa ginshiƙi na tubalin toka.

Halittun suna nan, babu ƙarya. Ido ba ya ganinsu, kuma ba bakteriya ba ne, ko da yake an daɗe ana lissafa su a ciki, sai a 1977 da Carl Woese na Jami'ar Illinois a Amurka ya nuna reshe ne na daban, wanda yanzu ake kira arkiya. Suna zaune a babban hanjin alade, inda babu iskar oksijin, don ita ce ajalinsu. Dusar da ƙaramin hanji ya kasa narkarwa tana gangarowa nan, bakteriya su ruɓar da ita, su saki haidirojin. Idan haidirojin ya taru, aikin narkarwar sai ya yi sanyi. Arkiyar ce ke kwashe shi, ta haɗa da iskar kabon, ta mayar da shi metan. Metan ɗin ba shi da wari ma. Shi ne mafi yawan abin da ke cikin gas ɗin CNG da ake ɗura wa motoci yanzu.

To, wa ke da irin waɗannan halittu a cikinsa? Dangin da ya fi yawa a alade, Methanobrevibacter, shi ne dai ke cikin hanjin yawancin mutane, har da mai wa'azin da masu kabbarar. Babban masaukinsu kuwa tumbin saniya. Duk wanda ya tsaya kusa da mahauci ranar Babbar Sallah ya ga gidansu: wuƙa ta tsaga tumbi, tururi ya tashi, koriyar ciyawa mai ɗumi ta zubo a ƙasa, yara su toshe hanci, mata su wanke tumbin tas a yi farfesu. A ƙididdigar da kwamitin sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar a 2006, alade ɗaya na fitar da kilo 1 zuwa 1.5 na metan daga cikinsa a shekara. Tunkiya ko akuya a ƙasashe irin namu kilo 5, raƙumi 46, saniyar tatsa ta Amurka fiye da 100, yawanci ta hanyar gyatsa. Da metan ne ma'aunin ƙazanta, da ragon layya ya riga alade shiga haram.

Haka maganar tsutsa take. Alade na da tasa, saniya ma na da tata, kuma wuta na kashe duka biyun. Yaron da aka raina a kan cewa tsutsa ce dalili, ranar da ya je Denmak ya ga naman aladen da likitoci suka duba suka ce lafiya lau, me zai riƙe?

Malaman usulu sun riga mu rarrabe abin nan: akwai hikimar da hankali zai iya hangowa, akwai kuma umarnin da ake bi don Wanda ya bayar da shi. Hikima za ta iya bayyana yau, gobe bincike ya rushe ta, hukuncin bai motsa ba. Kuma hukuncin da mu yake magana, mu da aka ɗora wa nauyi. Alade bai saɓa wa kowa ba, balle halittar da ke cikinsa. Abin mamaki, mazhabar da muka tashi a cikinta ta fi mu sassauci a nan: a wajen Malikiyya duk abu mai rai tsarkakakke ne, da guminsa da yawunsa, har kare da alade. Cin naman aka hana, kashinsa kuma najasa ne.

Inda kimiyya ke da abin faɗa wa malami, wani wuri ne daban. A ƙauyukan Sin da Biyetnam ana tara kashin alade a rufaffen rami, arkiyar ta ci gaba da aikinta, a ja metan ɗin da bututu a dafa abinci. In irin wannan ya zo unguwar da Musulmi ke maƙwabtaka da masu kiwon alade, kamar kewayen Kafanchan, tambaya za ta taso: ya halatta a ɗora tukunya a kan wutar? Fiƙihu na da babin rikiɗewar najasa, kamar giyar da ta koma khal da kanta. Masani zai iya shaida wa malami cewa metan na kashin alade da na kashin shanu abu ɗaya ne, babu na'urar da za ta bambance tsarinsu. Ko hakan ya isa a kira shi rikiɗewa, wannan kuma fatawa ce, kuma malamai za su iya saɓawa a kanta.