Jinin Maƙwabci: Kyauta Ce ko Bashi?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin tiyata ya san nauyin maganar da likita kan faɗa: "Ku nemo jini." Ga yawancin mutane wahalar ba ta wuce ta kwana ɗaya ba, gama ba a rasa mai irin jininsu a cikin dangi ko abokai. Amma akwai bayin Allah waɗanda a cikin gari guda ba a samun mutum goma da jininsu zai yi musu amfani. A kansu muke so mu yi tunani, domin halinsu ya tilasta mu amsa wata tsohuwar tambaya: idan ran wani ya rataya a kan abin da ke cikin jikinmu, me yake binmu?

A shekarar 1901 Karl Landsteiner, wani likita a birnin Biyana, ya gano cewa jinin mutane rukuni-rukuni ne. A 1952 kuma likita Y. M. Bhende ya ba da labarin wani irin jini da ya samu a birnin Bombay na Indiya, wanda ake kira Mumbai yanzu. Jajayen ƙwayoyin jinin kusan kowa suna ɗauke da wata alama da masana ke kira H, a kanta ake gina alamomin A da B. Masu jinin Bombay ba su da ita. A gwaji na yau da kullum sai a ɗauke su 'yan rukunin O, alhali kuwa idan aka ƙara musu jinin O, jikinsu zai farfasa shi, har ta kai ga rasa rai. Babu jinin da suke karɓa sai na irinsu. A Mumbai kusan mutum ɗaya ne cikin 10,000 yake da shi, a Turai kuwa kusan ɗaya cikin miliyan. In irin wannan mutum zai shiga tiyata, ransa yana hannun 'yan tsirarun baƙi da bai taɓa gani ba.

To, ko ya halatta a tilasta wa waɗannan baƙi? An kai irin wannan magana gaban shari'a a jihar Pensilbaniya ta Amurka a 1978. Wani mutum yana fama da cutar da ke hana ɓargo ƙera jini, aka gwada danginsa, aka tarar ɗan'uwansa guda ne kaɗai ɓargonsa ya dace, shi kuwa ya ƙi bayarwa. Alƙali ya nuna a fili cewa ƙin nan abin zargi ne ta fuskar ɗabi'a, duk da haka ya ƙi ba da umarnin a ɗebi ɓargon da ƙarfi. Bayan 'yan makonni majiyyacin ya rasu. Hukuncin yana da ɗaci, amma muna ganin daidai ne. Jikin mutum ba rumbun jama'a ba ne. Ranar da hukuma ta sami ikon huda jijiyar wani ba da yardarsa ba, marasa galihu za a fara hudawa. Sai dai mu lura da abin da alƙalin ya rarrabe: akwai abin da doka ba ta da ikon karɓa, amma lamiri yana da ikon nema.

Wani zai ce, in ba za a tilasta ba, a saya mana. Duniya ta gwada wannan hanya, ta kuwa ga ƙarshenta. A shekarun 1970 da 1980, masu cutar himofiliya a Birtaniya, wato waɗanda jininsu ba ya daskarewa in sun ji rauni ko an yi musu aiki, sun dogara ga wani magani da ake tacewa daga ruwan jinin dubban mutane. An shigo da mai yawa daga Amurka, inda ake biyan masu bayarwa, har da fursunoni da masu shan miyagun ƙwayoyi. Wanda yunwa ta kai shi sayar da jini ba zai faɗi cutar da ke jikinsa ba, kuma jinin mutum ɗaya ya isa ya ɓata na sauran duka. Rahoton binciken da aka fitar a watan Mayu 2024 ya ce fiye da mutum 30,000 sun kamu da ƙanjamau ko ciwon hanta ta hanyar jini da magungunan da aka yi da shi, wajen 3,000 kuma sun mutu. Tun 1975 Hukumar Lafiya ta Duniya take kira ga ƙasashe su dogara ga masu bayarwa don sa kai. Abin da addini ya ƙi saboda mutuncin ɗan Adam, ashe likitanci ma ya ƙi shi saboda lafiya.

Saura kyauta ke nan. Amma kada kalmar ta ruɗe mu har mu ce kyauta ganin dama ce kawai. Nauyin taimako yana ƙaruwa da abubuwa uku: girman bukatar mai nema, ƙanƙantar asarar mai bayarwa, da rashin wani da zai maye gurbinsa. Leda ɗaya ba ta kai rabin lita ba. Jiki yana mayar da ruwan cikin kwana ɗaya ko biyu, jajayen ƙwayoyin kuma cikin 'yan makonni. A wancan gefe kuwa rai ne sukutum. Mai jinin da kowa ke da shi yana iya cewa wani zai je. Mai jinin Bombay ba shi da wannan mafaka: in bai je ba, babu mai zuwa. A misalin Basamariye, waɗanda suka ratse ba su ne suka sari mutumin ba, duk da haka ba a wanke su ba. Saboda haka muna cewa bashi ne na ƙauna. Ba a kai mutum kotu a kansa, amma ba a yafe wa lafiyayyen da ya toshe kunne.

Wannan bashi kuma yana da iyaka. Mai jini na musamman mutum ne, ba rijiya ba. Ba a ɗibar jini sai bayan wata uku ko huɗu, kuma shi kansa yana cikin haɗarin da majiyyacin ke ciki, gama gobe yana iya zama mai nema. Rashin adalci ne jama'a su yi sakaci, sa'an nan su ɗora dukan nauyi a kan mutum ɗaya da tsakar dare. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun 1965 akwai kundin duniya na masu jini na musamman, wanda ake kula da shi a Ingila. Jinin da ke firji ba ya wuce mako shida, amma wanda aka daskarar yana kai shekara goma. Majiyyaci kan iya ajiye nasa jinin kafin ranar aiki, akwai kuma na'urar da ke tattara jinin da ya zuba a lokacin tiyata, ta wanke shi, ta mayar masa. Tanadin waɗannan hakki ne a kan hukumomi da asibitoci, har da na Ekklesiya.

Likita ma yana da nasa hakkin: ya gwada jini da kyau, kada ya ƙara shi sai da dalili, ya kuma gaya wa majiyyaci gaskiyar haɗarin kafin ya nemi yardarsa. Da aka harbi Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ranar 13 ga Mayu 1981, jinin baƙi ne ya riƙe shi a ɗakin tiyata, ta cikin jinin nan kuma ya kamu da wata ƙwayar cuta da ta mayar da shi asibiti a watan Yuni. Kyauta mai ceton rai ma tana bukatar tsaro.

Kada mu ce wannan labarin Indiya da Turai ne. Masu sikila suna cikin gidajenmu, sau da yawa sai an ƙara musu jini kafin a yi musu aiki, wanda kuma aka sha ƙara masa, samun jinin da jikinsa zai karɓa yakan ƙara wuya. Mun saba tashi in an ce namu ne ke kwance, gama ɗan'uwa rabin jiki ne. Amma jini ya koya mana cewa wani lokaci na ɗan'uwanka ba ya yi maka, na baƙon da ba ku haɗa yare ko addini ba ya yi. Bari kowane lafiyayye a cikinmu ya san rukunin jininsa, ya ba da sunansa a asibitin da ke kusa, ya je kafin a kira shi. Ranar 14 ga Yuni ta kowace shekara ita ce ranar masu ba da jini ta duniya. Ƙungiyoyin matasa da na zumuntar mata a majami'unmu su sa ta cikin shirinsu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kuma sāka wa waɗanda suke miƙa hannu domin wanda ba su sani ba.