Ado a Bango: Me Addini Ya Hana?

Magini kan fara zane tun yaɓe bai bushe ba. Sai ya ɗora kwaɓaɓɓiyar ƙasa a goshin zaure, ya murza ta da yatsu har ta tashi kamar igiya, ya lanƙwasa, ya sarƙa, sai ga dagi ya fito. Daga nan a bi da makuba, wadda ake haɗawa da ɓawon ɗorawa, don kada damina ta wanke aikin.

Wannan tasowar da zanen ke yi ita ce ta kai maganar gaban malamai, domin abin da ya taso daga bango yana da inuwa. A mazhabar Malikiyya, wadda ake bi a Cadakori da sauran ƙasar Gobir, cikakkiyar surar mai rai da ke da inuwa haramun ce, wadda ba ta da inuwa kuwa galibi makaruhi ake ce mata. Magini Bahaushe ke nan yana aiki daidai bakin iyaka, kuma ga dukkan alamu ya san inda iyakar take. Abin da ya cika bango da shi dagi ne, da takobi, da allo, da layuka masu shiga juna.

Ba shi ya fara bin wannan hanya ba. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya kai wa Ibn Abbas damuwarsa, ya ba shi shawarar ya koma zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Masallacin Dimashƙa, wanda halifa Walid ya gina wajen shekarar 715, bangonsa cike yake da koguna da itatuwa da gidaje, babu mutum ko ɗaya.

Hujjar da ta fi kusa da gida tana Zariya. A zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a, ya ƙawata ginshiƙansa da zane mai tasowa. Mutanen jihadin 1804 da ƴaƴansu ne suka sa aikin, su ne kuma suka yi salla a ciki. Da ado kansa ne laifi, da ba su bar shi ba. A ƙarni na 20 attajiran Zariya suka sa aka ƙara musu keke da mota da jirgin sama a fuskar gidajensu, duk marasa rai. A unguwar Birni ta Damagaram har yau akwai zauruka masu irin wannan ado na gargajiya.

Inda tambayar ta fi nauyi ita ce niyya. An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya gargaɗi masu gyaran masallacin Madina kada su shafa ja ko rawaya, don kada hankalin masallata ya rabu. Wannan gargaɗi ne a kan shagala. Attajirin da ya yi wa zaurensa ado don ya ƙasƙantar da maƙwabci, alfahari ne laifinsa, kuma zai iya yin sa da mota ko riga. Matar da ta shafe ɗakinta da farar ƙasa, ta yi jeren tasoshi a bango don baƙo ya shigo ya ji sanyi a rai, da wuya a ce ta yi wani abu banda mutunta baƙo.

Abin takaici shi ne ba fatawa ce ke kashe sana'ar ba. Saurayin Cadakori ko Tsibiri da ya dawo daga cirani bulo da kwano yake so, siminti kuwa ba ya jiran yatsan magini, sai ƴaƴan magina suka kama wasu sana'o'i. Amma a Yama, cikin jihar Tawa, magini Falke Barmu ya fara gina masallacin ƙasa a 1962, mutanen gari na kawo ruwa da tubali, kuma a 1986 aikin ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine.