Amsar da inna ta bayar, ta wa ce?

Ƴan uwa ɗalibai, duk wanda ya tashi a Baleyara ko Filinge ya san masu anket. Su sauko daga mota da tablet a hannu, su zauna bisa tabarma, su tambayi inna: “Sau nawa kunka ci abinci jiya? Awaki nawa kunka saida kasuwar Lahadi? Ɗiya nawa sunka rasu miki?” Ta faɗa musu gaskiya, ta dama musu fura, su tafi. To, ina amsoshin nan ke kwana?

Tambayar ta taso mini lokacin da nike rubuta memuwar kan rijiyoyin Dallol Bosso. Na iske an yi bincike kan yankinmu, an buga sakamako a mujallun waje, amma alƙaluman da anka tara sun gagare ni. Wasu sun bi kwamfutar mai binciken, wasu kuma sai da kuɗi. Ni ɗan wurin ne, amma hannuna bai kai ba.

A da, aikin mai bibliyotek shi ne jera littattafai, ya ba ka aro, ya ce ka yi shiru. Yanzu a jami'o'i da yawa an samu mai kula da bayanan bincike. Shi ke zama da mai bincike tun kafin a fita daji: ina za a ajiye alƙaluman, yaya za a bayyana ma'anar kowane layi don wanda zai zo bayan shekara 20 ya gane, waɗanne sunaye za a goge. A 2016 masana sunka fitar da ƙa'idojin FAIR, wato bayanai su zamo masu sauƙin nema da samu da haɗawa da sake amfani.

Ajiya ba baƙon abu ba ce a Yamai. IRSH na riƙe da dubban rubuce-rubucen larabci da ajami, waɗanda Boubou Hama ya soma tarawa. AGRHYMET, da anka kafa a 1974 bayan babban fari, tana tara alƙaluman ruwan sama. Da ba a ajiye su ba, da mi za mu gwada daminar bana da ta 1984?

Sai dai ga inda gizo ke saƙa. Wani zai ce a buɗe komi ga kowa, ilimi ba na mutum ɗaya ba ne. Gaskiya ne. Amma a ƙaramin ƙauye goge suna ba ya ɓoye mutum: “bazawara mai ɗiya bakwai da raƙumi ɗaya”, kowa ya san ta. Kuma a wanga hali na rashin tsaro a Tilaberi, takardar da ke nuna wa ke da shanu nawa tana iya jawo wa mutum masifa. Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane a 2017. A 2019 kuma anka fitar da ƙa'idojin CARE, masu cewa al'ummar da anka ɗauki bayananta tana da ta cewa, tana da rabo cikin amfanin.

A ganina bayanan nan amana ne, kuma mai amanar na farko ita ce inna. Wanda ya biya kuɗin binciken yana da haƙƙi, ban musa ba: ya sayi man mota, ya biya ma'aikata. Amma bai sayi mutuwar ɗiyanta ba. Don haka mai ajiya na gari ya tsaya kan abu uku: kwafi ya zauna cikin ƙasa inda ɗalibi zai same shi, abin da zai cuci wani a rufe shi, sakamako kuma ya komo gida da Hausa da Zabarmanci, ko da ta rediyon gari ne.

Gobe mu ma za mu fita da tambayoyinmu. Kafin ka zauna bisa tabarmar wata tsohuwa, ka san hannun wa za ka danƙa abin da za ta faɗa maka.