Kun Wuce Dattijo a Bakin Titi

Jama'a, mu ji tsoron Allah. Na ga wani abu a Kwanar Ɗangora, kan hanyar Kano zuwa Zariya, wanda ya ƙi barin zuciyata, kuma ba zan yi shiru a kansa ba.

Dattijo ne mai furfura, ya naɗe babbar rigarsa a kafaɗa, yana durƙushe gaban wata tsohuwar Vespa. Mai shayin wurin ya ce mini tun kafin azahar yake nan, ga shi har an kira la'asar. Ya buga ta, ya buga ta, har numfashinsa ya sarƙe. Motoci suna wucewa, masu babura suna wucewa. Shi kansa mai shayin da ke ba ni labari ko benci bai miƙa masa ba. Wasu samari ne suka tsaya, su kuma wayoyi suka ɗaga suna ɗaukarsa, suna ƙyalƙyala dariya, wai "Baba, a kai ta gidan tarihi mana!"

Kun san abin da ya lalace? Filogi. Vespa ta dā, fetur da baƙin mai ake haɗa mata, in man ya yi yawa sai ya daƙushe bakin filogin, wuta ta ƙi kamawa. Wani yaron mota ne ya diro daga kan tirela, ya ɗauko sifana a akwatin maigidansa. Muka tura babur inuwa, muka cire murfin gefen dama, ya kwance filogin, ya kankare shi, ya wanke da ɗan fetur, ya mayar. Bugu biyu ta tashi. Aikin bai kai tsawon shan kofin shayi ba. Dattijon ya laluba aljihu, yaron ya ce, "Haba Baba, addu'a kawai za ka yi mini."

Filogi, jama'a! Saboda filogi aka bar sa'an kakanku a rana daga azahar zuwa la'asar. Saboda filogi!

Ku da kuke dariya, kun san me kuke yi wa dariya? Tun 1946 kamfanin Piaggio na Italiya yake ƙera wannan babur. Da aka biya ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji a 1975, malaman makaranta da malaman asibiti da yawa irinsa suka saya, shi ne abin alfaharin unguwa. A kansa aka kai iyayenku mata awo, a kansa malamin da ya koya wa ubanku baƙi da wasali yake zuwa aji. Mutumin da ya riƙe inji shekara da shekaru yana lallaɓa shi, girmamawa ta dace da shi, kuka saka masa da tozarci a intanet.

Na san uzurin da za ku kawo. Za ku ce hanya ba tsaro, ana ɗana wa mutane tarko da mota ko babur da aka ce ya lalace. Gaskiya ne, kowa ya san abin da matafiya suka sha a hannun masu garkuwa da mutane a hanyar Kaduna zuwa Abuja, ni ma ba zan ce wa kowa ya tsaya a daji da tsakar dare ba. To amma wannan rana tsaka ce, a mararraba cike da masu tsire da masu rake. Wane tarko tsoho mai haki zai ɗana muku a gaban mutane? Za ku ce fetur ya yi tsada tun da aka cire tallafi a 2023. Wa ya roƙe ku fetur? Ko sannu ba ku ce masa ba. Ita ma sannun tsada ta yi?

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yawancin waɗanda suka wuce shi sun ji kiran sallah sun amsa. Mun karanta a Bukhari da Muslim cewa taimaka wa mutum a kan abin hawansa sadaka ce. Allah Ya ambaci matafiyin da guzuri ya yanke wa cikin masu haƙƙin zakka a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Muna haddace wannan a islamiyya, mu fito titi mu bar shi a can. Sai yaron mota, wanda muke kira da sunan da bai dace ba, muke hana 'ya'yanmu zama da shi, shi ne ya yi aiki da shi.

Don Allah, don Annabi, ku riƙa rage gudu kuna tambaya, mai babur kuma ya ajiye sifanar filogi a ƙarƙashin kujera.

Ku kuma iyayen samarin nan, da ku nake. Hoton yana nan a wayoyin 'ya'yanku, mai yiwuwa ma sun nuna muku kun taya su dariya. Ku karɓi wayoyin ku duba, ku sa su goge shi a gabanku, sannan ku tambaye su wa ya koya musu kallon furfura ta haka.