Amanar Tuffar Daji

Kakar tuffar gona tana tsirowa ne a dazukan duwatsun Tiyan Shan, kusa da Almati a Kazakistan, inda masanin tsirrai Nikolai Vavilov ya je a 1929. A can kowace bishiya da irin 'ya'yanta: wata zaƙi, wata tsami mai ɗaure baki, wata ƙanana kamar magarya. Ko mutum yana da ikon sare wadda bai ga amfaninta ba? A Musulunci shi halifa ne, mai riƙon amana, kuma amanar nan tana da nauyi. Dalili kuwa, tuffar gona aure ake yi mata, dubban bishiyoyi daga uwa guda, cuta ɗaya kan iya kwantar da su. Ƙarfin jure cuta da fari yana cikin na dajin, waɗanda gine-gine da kiwo ke cinye dazukansu.